Kafin a Share Kwamfuta, a Fara Keɓe Iri

Wata ranar Laraba, bayan an idar da sallar magariba, ina zaune a ƙofar gida a Limawa, sai ga wani ɗalibina na ajin ƙarshe ya yi sallama. Tun daga yadda ya gaishe ni na san ba lafiya ba. Ya samu gefen tabarma ya zauna, ya daɗe yana jujjuya waya a hannunsa, sannan ya ce, "Malam, kwamfutar ce aka yi wa fomatin."

Na ce, "To, aikin naka fa?"

Ya ce, "Babi na ɗaya zuwa na uku suna nan, Malam. Alƙaluman ne babu."

Wannan yaro ya shafe wata tara yana zuwa madatsar ruwa ta Warwade da ke kusa da Dutse, sau biyu a kowane wata, yana tsinto dodon koɗi na ruwa, irin wanda ke ɗauke da tsutsar cutar tsargiya, wato fitsarin jini. Yakan ƙirga su a wurare biyar, ya auna ɗumin ruwan, ya kawo su ɗakin gwaji ya sa su a haske domin ya ga waɗanda za su saki tsutsa, sannan ya ɗauki hotuna ta madubin ganin ƙananan halittu. A bakin ruwa yakan yi rubutu a fallayen takarda, in ya dawo ya shigar da alƙaluman cikin jadawalin Excel, ya yar da takardun. Kwamfutar tasa ta gwanjo ce, rumbunta gigabait 128 kacal. Da rumbun ya cika sai ta fara nauyi, ya kai ta wurin wani mai gyara, shi kuwa ya ce maganinta a zuba mata sabon Windows. Mai gyaran bai yi masa mugunta ba, domin ya ce masa ya kwashe abin da yake so tukuna. Filash ɗin da ke hannun ɗalibin na gigabait 32 ne. Ya zuba bidiyon bikin yayansa, da wasu finafinai masu dogon zango, da jakar da ya sa wa sunan kundin bincikensa, filash ya cika. Jadawalin alƙaluman da hotunan kuwa suna wata jaka dabam, bai tuna da ita ba sai bayan kwana uku. Girman jadawalin nan bai kai megabait ɗaya ba.

Mun gwada manhajojin da ake dawo da abin da aka share da su, ba mu samu komai ba sai 'yan ɓurɓushin hotuna. Damina kuwa ta riga ta wuce, ruwan da ya auna a watan Agusta ba zai sake dawowa a auna shi ba. Dole ya taƙaita bincikensa ga wata uku na rani, aikin da ya isa a buga shi a mujallar ilimi ya koma abin neman maki kawai.

Ra'ayina a kan wannan lamari shi ne, ƙarancin wuri ba shi ne ya cinye aikin yaron nan ba, kuma ba shi ne ke cinye ayyukan sauran 'yan'uwansa ba. Abin da ke cinye su shi ne rashin bambance abin da ba shi da madadi da abin da za a iya sake samu. Wannan bambancewa kuwa mai kayan ne kaɗai zai iya yin ta, kuma nauyi ne a kanmu malamai mu koyar da ita kamar yadda muke koyar da wanke hannu a ɗakin gwaji.

Dalilin da ya sa maganar ta zama ta gaggawa

Mai karatu na iya cewa ai wannan tsohon labari ne, tun zamanin ƙaramin faifan nan mai ɗaukar megabait 1.44 ɗalibai ke kuka da ɓacewar aiki. Haka ne, ni ma na yi nawa kukan lokacin da nake ɗalibi a Kano. Amma akwai abubuwa biyu da suka ƙara wa lamarin tsanani a yanzu.

Na farko, tun ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa babbar manhajar Windows 10, in ban da waɗanda suka shiga wani shiri na musamman na ƙarin wa'adi. Babbar manhaja ita ce uwar dukkan manhajoji, wadda ke tafiyar da kwamfuta tun daga kunnawa har kashewa. Magajinsa, Windows 11, yana buƙatar aƙalla gigabait 64 na rumbu da gigabait 4 na ƙwaƙwalwar aiki, da wani ɗan guntun tsaro mai suna TPM 2.0, kuma akasarin kwamfutocin da aka ƙera kafin 2018 ba su cika sharuɗɗansa ba. Irin waɗannan kwamfutoci kuwa su ne a hannun mafi yawan ɗalibanmu da ma malamai. Ma'ana, ɗimbin jama'a za su kai na'urorinsu a sauya musu babbar manhaja, ko dai a tura musu Windows 11 ta wata dabara, ko su koma ga irin su Ubuntu da Linux Mint waɗanda kyauta ne kuma ba su da nauyi. Kowace hanya aka bi, rumbu na cikin haɗari.

Na biyu, irin rumbun ya sauya. Tsohon rumbu faifai ne mai juyawa. In an yi masa fomatin na gaggawa, jerin sunayen fayiloli ake gogewa, kamar a yage shafin ƙumshiya daga littafi a bar sauran shafukan. Shi ya sa manhajoji irin su PhotoRec da Recuva kan iya tsamo abin da ya ɓace, muddin ba a rubuta wani abu a kansa ba. Sabon rumbu da ake kira SSD ya fi sauri nesa ba kusa ba, amma yana da wani tsari mai suna TRIM wanda ke sa shi ya share gurabun da aka ce ba a bukata, ba tare da ɓata lokaci ba. Galibi abin da aka share a kansa ya tafi ke nan. Daɗin daɗawa, saboda tsadarsa, masu sayar da kwamfutocin gwanjo kan sa ƙarami, mai gigabait 128 ko 256. Ga shi ya fi saurin cika, ga shi kuma ba ya yafe kuskure.

Darasi daga ƙwayar halitta da rumbun manomi

A matsayina na malamin ilimin halittu, abin da ke ba ni mamaki shi ne, ɗaliban da ke rasa aikinsu ta wannan hanya su ne waɗanda muka koya wa yadda ƙwayar halitta ke rabuwa. Kafin ƙwaya ta rabu biyu, sai ta kwafe dukkan bayanin gado da ke cikin sinadarin DNA ɗinta. Ba ta tsaya nan ba, sinadarin da ke yin kwafin yana bi yana duba abin da ya rubuta, yana cire harafin da ya shiga bisa kuskure. Akwai kuma shingen bincike da ke hana ƙwayar shiga matakin rabuwa matuƙar kwafin bai kammala ba. Shi kansa DNA igiya biyu ne a murɗe, in ɗaya ta lalace sai a dubi 'yar'uwarta a gyara ta. A kan gano hanyoyin wannan gyara ne aka ba Tomas Lindahl da Paul Modrich da Aziz Sancar lambar yabo ta Nobel a fannin kimiyyar sinadarai a 2015. Tsarin da Allah ya shimfiɗa a jikinmu ke nan: a kwafa, a duba, sannan a raba.

Wani abin lura kuma shi ne ƙanƙantar bayanin. Haruffan gadon ɗan'adam sun kai kimanin biliyan uku, amma in aka mai da su lissafin kwamfuta ba tare da wani ƙari ba, ba su cika gigabait ɗaya ba. Abin da ke ɗauke da asalin mutum bai fi girman fim guda ba.

Manoman Jigawa ba su jira masana sun gaya musu haka ba. Lokacin kaka, kafin a ɗaure dammuna a kai rumbu, manomi yakan bi ya zaɓi zangarniyar da ta fi cika da ƙoshi ya ware ta a matsayin iri. Irin wake yakan cakuɗa shi da toka saboda ƙwari. Irin nan bai kai kashi ɗaya cikin goma na abin da ya noma ba, amma ko yunwa ta shigo gida, shi ne abu na ƙarshe da za a taɓa. Ba a taɓa jin manomi mai hankali ya ce ya rasa iri domin rumbunsa ya cika da kara ba.

Masana aikin gona sun ɗauki wannan hikima sun faɗaɗa ta. Cibiyar IITA da ke Ibadan tana riƙe da nau'o'in wake sama da 15,000, tarin da ya fi kowanne girma a duniya. Duk da haka ba ta dogara da ɗakin ajiyarta kaɗai ba. Tana cikin cibiyoyin farko da suka aika kwafin irinsu zuwa ma'ajiyar iri ta duniya da aka buɗe a watan Fabrairu na 2008 a tsibiran Svalbard na ƙasar Norway, inda ake ajiye iri cikin dutse a sanyin da ya kai digiri 18 ƙasa da sifili. Amfanin haka ya bayyana lokacin yaƙin Siriya. Cibiyar ICARDA, wadda rumbun irinta ke yankin Halab, ta rasa damar aiki a can, sai a 2015 ta karɓo kwafinta daga Svalbard, ta shuka a Labanon da Maroko, ta ninka irin, daga baya ta mayar da sabon kwafi. Da a ce kwafin yana ɗakin da ke maƙwabtaka da na farko, da labarin ya sha bamban.

Iri, hatsi da ƙaiƙayi

To, yaya za a yi amfani da wannan a kan kwamfutar da rumbunta ya cika? Shawarata ita ce, kwana ɗaya ko biyu kafin a kai ta gyara, mai ita ya zauna da biro da takarda ya kasa kayansa kashi uku.

Kashi na farko shi ne iri, wato abin da in ya ɓace babu inda za a sake samunsa a duniya: ɗanyen alƙaluman bincike, hotunan gwaji, muryoyin hirar da aka naɗa da mutane, babukan da aka rubuta, sakamakon jarrabawar ɗalibai, takardun shaida, hotunan iyaye da 'ya'ya. Kashi na biyu shi ne hatsi, abin da za a iya sake samu amma da kuɗi ko wahala, kamar littattafai da maƙalun da aka sauke daga intanet da manhajojin da aka saya. Kashi na uku ƙaiƙayi ne: finafinai, waƙoƙi, bidiyoyin da aka turo ta WhatsApp, da kwafi na uku da na huɗu na abu ɗaya.

Duk wanda ya yi wannan aiki zai ga abin mamaki. Shafin rubutu yakan ɗauki haruffa kamar 2,000, saboda haka zallar rubutun littafi mai shafi 500 bai wuce megabait ɗaya ba. Hoton waya yakan kai megabait biyu zuwa biyar. Fim guda kuwa yakan ci kusan gigabait ɗaya, wato megabait 1,000. A nawa ganin, daga abin da na sha gani a kwamfutocin ɗalibai, da wuya irin ɗalibin digirin farko ya haura gigabait biyu. Wannan kuwa ko ƙaramin katin waya zai ɗauka. Ƙa'idar ita ce a fara kwafe iri, sannan hatsi gwargwadon wurin da ya rage, ƙaiƙayi kuma ya jira. Ɗalibina ya fara daga ƙarshe ne.

Sai dai iri ba ya zama wuri ɗaya a kwamfuta, dole a bi shi lungu-lungu. A duba fuskar kwamfutar, da jakar takardu, da ta hotuna, da jakar abubuwan da aka sauke, domin a nan ne fayil yakan zauna in an buɗe shi daga imel aka ci gaba da aiki a kansa. Masu amfani da Zotero ko makamancinsa wajen tara manazarta su nemo jakarsa, domin ba ta cikin jakar takardu. A fitar da kalmomin sirri da manhajar shiga intanet ta adana, a kuma rubuta lambobin lasisin manhajojin lissafi irin su SPSS. Dabara mai sauƙi ita ce a buɗe kowace manhaja da ake aiki da ita, a dubi jerin fayilolin da ta buɗe kwanan nan, a bi kowanne a ga inda yake kwance.

Wani lokaci ma wannan bincike yakan nuna cewa babu bukatar fomatin ɗin. Manhajar WinDirStat, wadda kyauta ce, takan zana taswirar rumbu ta nuna abin da ya cinye wuri. In aka kwashe ƙaiƙayi aka zubar da kwandon shara, sau da yawa kwamfutar takan dawo hayyacinta.

Tarkunan da ake faɗawa

Tarko na farko, kuma wanda ya fi cin mutane, shi ne kwashe kaya daga ɓangaren C zuwa ɓangaren D a ce an yi ajiya. A mafi yawan kwamfutocin hannu, C da D ɗakuna biyu ne a ƙarƙashin rufi ɗaya, wato rumbu guda ne aka tsaga. Gobarar da ta ci ɗaya za ta iya cin ɗayan. Lokacin zuba sabuwar manhaja akan nuna jerin ɓangarori da lambobi da girma, sau da yawa ba tare da harafin da mutum ya saba gani ba, kuskuren latsawa ɗaya ya isa. Haka kuma jakar Windows.old da akan bari in an ɗora sabo a kan tsoho ba abin dogaro ba ce, domin Windows yakan share ta da kansa bayan kwana goma.

Tarko na biyu shi ne filash na jabu. Akwai waɗanda aka rubuta musu gigabait 64 ko 128, kwamfuta ma ta nuna haka, alhali ainihin cikinsu bai wuce takwas ba. Za ka ga yana karɓar kaya, sunayen fayiloli suna nan reras, amma in ka buɗe babu komai a ciki. Manhajar H2testw takan cika filash da bayani ta sake karantawa, ta fallasa ainihin girmansa. A gwada sabon filash da ita tun ranar da aka saya. Ko filash na gaske ma, in tsarinsa FAT32 ne, ba ya karɓar fayil guda da ya haura gigabait huɗu. Kuma da yake yana riƙe bayani ne ta hanyar cajin lantarki da ke tsiyayewa a hankali, zafi na ƙara saurin tsiyayewar. Filash ɗin da aka bari a gaban mota a zafin Afrilu na Dutse, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40, ba amintacce ba ne.

Tarko na uku: filash ɗin da za a ɗora wa manhajar zuba Windows, wanda ake so ya kai gigabait takwas, ana share duk abin da ke cikinsa. Kada a miƙa wa mai gyara filash ɗin ajiya domin wannan aiki.

Tarko na huɗu shi ne kulle rumbu. Sababbin kwamfutoci da dama suna zuwa da rumbu a kulle da tsarin BitLocker ba tare da mai ita ya sani ba. Mabuɗinsa lambobi 48 ne, galibi yana ajiye a asusun Microsoft na mai kwamfutar. A nemo shi a rubuta a takarda tun kwamfutar na da lafiya. Mai wannan mabuɗi, ko Windows ya ƙi tashi sam, ana iya tayar da kwamfutar da Ubuntu daga filash ba tare da an zuba shi ba, ko a cire rumbun a haɗa da wata kwamfuta, a kwashe kaya. Saboda haka in mai gyara ya ce ba ta tashi, sai fomatin, a roƙe shi ya fara gwada wannan.

Tarko na ƙarshe shi ne kwafin da ba a duba ba. Bayan an kwafa, a cire filash ɗin a kai wata kwamfuta, a kwatanta yawan fayiloli da girmansu da na asali, a buɗe muhimman a ga suna buɗuwa. Wanda ke ganin wannan wahala ce ya tuna da Jami'ar Kyoto ta Japan. A watan Disamba na 2021, kuskure a manhajar da ke kula da ajiyar kwafi a babbar kwamfutarta ya share fayiloli kimanin miliyan 34, terabait 77, na rukunonin bincike 14. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. In kuwa tsautsayi ya riga ya auku, a kashe kwamfutar nan take, kada a sauke ko a ajiye komai a kanta kafin a nemi taimako.

Uzurorin da nake ji

Akan ce mini rumbun waje na da tsada, datar intanet ma haka, ga matsalar wuta. Ban musa ba, na san halin da ɗalibanmu ke ciki. Amma wannan uzuri yana da ƙarfi ne kawai in ana son kwafe rumbu dungurungum. Wanda ya ware irinsa, gigabait ɗaya ko biyu ne a gabansa. Wani mai ɗaukar hoto Ba'amurke, Peter Krogh, ya yaɗa ƙa'idar da ake kira 3-2-1: kwafi uku, a kan nau'in ma'ajiya biyu, ɗaya daga ciki a wani wuri mai nisa. Ɗalibi na iya cika ta da abin da ke hannunsa: kwamfuta, da filash ko katin waya, da ma'ajiyar intanet. Google na bayar da gigabait 15 kyauta, waɗanda ake rabawa tsakanin Gmail da Drive da hotuna, OneDrive kuma gigabait biyar. Jadawalin Excel ma ana iya aika wa kai ta imel kowane mako. Batun nisan wuri kuwa, mutanen Jigawa da suka ga ambaliyar 2022 ba sai an yi musu dogon bayani ba. Kwamfuta da filash da ke cikin jaka ɗaya tare ruwa ke tafiya da su, tare kuma ɓarawo ke ɗauka.

Amma ma'ajiyar intanet na da nata sharuɗɗan. In jaka tana daidaita kanta da intanet, abin da aka share a kwamfuta yakan sharu a can ma, saboda haka a tabbata an ɗora kwafi mai zaman kansa. Tun Disamba 2023 Google na iya rufe asusun da ya shekara biyu ba a shiga ba. Sannan akwai amana. Ɗalibin da ya karɓi fitsari ko jinin 'yan makaranta ya rubuta sunayensu, wajibi ne ya mai da sunayen lambobi kafin ya ɗora, ko ya kulle fayil ɗin da kalmar sirri. Nijeriya ta yi Dokar Kare Bayanai a 2023, amma tun kafin doka, addini da al'ada sun hana tona asirin mara lafiya.

Wasu kuma kan ce ai aikin mai gyara ne. Ban yarda ba. Mai gyara na da kwamfutoci goma a gabansa, bai san Warwade ba, bai san wane jadawali ne ya ci wata tara ba. Bugu da ƙari, wanda ya bar masa aikin kwafi ya miƙa masa hotunan iyalinsa da sirrinsa. Duk da haka ina kira ga 'yan'uwa masu wannan sana'a a Dutse da kewaye da su ɗauki al'ada guda: kada su share rumbun kowa sai mai shi ya nuna musu kwafinsa a buɗe, in da hali ma ya sa hannu a takarda. Minti biyar ne, amma za su tsira daga zargi, shi kuma ya tsira daga da-na-sani.

Nauyin da ke kanmu malamai

Kada mu ɗora wa ɗalibai laifin duka, domin mu ma ba mu tsira ba. A 2014 mujallar Current Biology ta buga wani nazari na Timothy Vines da abokan aikinsa, inda suka bi sawun maƙalu 516 na ilimin halittu da aka buga tsakanin 1991 da 2011, suka nemi marubutan su ba su ɗanyen alƙalumansu. Ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu aka tabbatar suna nan, kuma yiwuwar samun alƙaluman tana raguwa da kimanin kashi 17 cikin ɗari a kowace shekara. Manyan dalilan su ne adireshin imel da ya mutu, da ma'ajiyar da ta ɓace ko ta tsufa har ba a iya karanta ta.

Wannan ya fi shafarmu a nan. An ƙirƙiri Jihar Jigawa a 1991, Jami'ar Tarayya ta Dutse kuma a 2011, ma'ana tarihin binciken kimiyya a wannan yanki ƙarami ne. Abin da ɗalibi ya auna bana game da dabinon Dutse, ko tsuntsayen Baturiya, ko yaɗuwar kacalla a fadamun Haɗeja, na iya zama shi ne ma'aunin farko da za a kwatanta da shi nan da shekara talatin in ana maganar sauyin yanayi. Littafi in ya ɓace a sake bugawa. Ƙidayar shekarar da ta wuce ba ta da madaba'a.

Saboda haka ina ba da shawarwari huɗu ga sassan kimiyya na manyan makarantunmu. Na ɗaya, a dawo da littafin fili mai ɗinki da lambar shafi, a rubuta da biro, mai duba aiki ya sa hannu lokaci-lokaci. Da ɗalibina na da shi, da wannan rubutu bai taso ba. Na biyu, kowane ɗalibi ya riƙa miƙa wa mai duba aikinsa kwafin ɗanyen alƙaluma a ƙarshen kowane wata, ya zama sharaɗin ci gaba da duba masa babi. Na uku, kowane sashe ya mallaki rumbun waje guda biyu, a ajiye su a gine-gine dabam-dabam. In sashe na da ɗalibai 200, kowanne da gigabait biyu, jimla gigabait 400 ne, rumbu mai terabait ɗaya ya ɗauke su har da rara. Na huɗu, a ware awa biyu a darasin dabarun bincike, kowane ɗalibi ya zo da kwamfutarsa ya yi ajiya a gaban malami, ya kuma dawo da fayil daga ajiyar a kwamfutar abokinsa.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke jiran kasafin kuɗi daga Abuja. Ni dai tun daga waccan Laraba na sa wa ɗalibaina doka: ba na karɓar babi sai da jadawalin da aka gina shi a kai, kuma duk wanda zai kai kwamfutarsa gyara ya fara biyowa ta ofishina da filash ɗinsa mu buɗe tare. Sun yi ƙorafi da farko, yanzu sun saba. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Mai karatu, in rumbun kwamfutarka ya fara nuna ja, kada ka bari sai gobe. Ɗauki takarda yau, ka rubuta abubuwa goma da in sun ɓace ba za ka sake samunsu ba, ka nemo inda kowanne yake, ka kwafe su wuri biyu. Allah ya kiyashe mu da asarar wahalarmu, ya sa albarka a iliminmu, amin.